Yadda Ake Shawo Kan Ƙurajen Fuska Bayan An Girma

Tun ranar da na ba da labarin faman da na yi da ƙurajen fuska bayan haihuwata ta biyu, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: "Anti, ni fa na haura talatin, har da 'ya'yana, me ya haɗa ni da ƙurajen balaga? Wane mai zan shafa?" Na amsa wa ɗaiɗaiku har na ga gara in zauna in jera komai wuri guda.

Amsar da mutane ba sa son ji ita ce, babu wani mai guda da zai share su a mako ɗaya. Abin da ke aiki shi ne bin tsari: a fara kawar da abin da ke hura wutar, a rage kayan shafa su koma huɗu ko biyar, sannan a ba su mako 12 cur kafin a yanke hukunci. Da mata zan fi yin magana don su abin ya fi addaba a wannan shekarun, amma maza ma matakan nan ne nasu. Sunayen magunguna kuma zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, domin ki gane su a kantin magani.

1. Tabbatar da abin da ke fuskarki

Ƙurjin fuska yana farawa ne idan ƙofar gashi ta toshe da maiƙo da matacciyar fata, ƙwayoyin cuta su samu mafaka a ciki, wurin ya kumbura. Shi ya sa a fuska ɗaya za ki gan su iri-iri: masu baƙin kai, masu farin kai, jajaye masu zafi, masu mugunya, da manyan nan da ke can ƙarƙashin fata kamar tsakuwa. A jikin babbar mace sun fi son haɓa da muƙamuƙi da saman wuya, kuma sukan taso kwanaki kaɗan kafin al'ada.

Ki wanke fuska, ki tsaya bakin taga da rana, ki ɗauki hoto uku: gaba, dama, hagu. Ki rubuta kwanan wata. Madubi yana yaudara, domin mai kallon fuskarta kullum ba ta ganin sauƙin da ke zuwa a hankali.

Gargaɗi: idan ƙurajen ƙanana ne, duk girmansu ɗaya, suna ƙaiƙayi, sun cika goshi da ƙirji da baya musamman lokacin zafi, wataƙila ƙurajen zufa ne ko na fangas (ƙwayar cuta irin mai kawo makero), kuma maganinsu daban. Haka namiji da ƙuraje ke fito masa a gemu da ƙeya bayan aski, wannan gashi ne ke lanƙwasa ya koma cikin fata. Shi ya daina aski ƙwal da reza tukuna.

2. Zazzage kwandon kayan shafarki

A nan yawancinmu muke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Ki fito da duk abin da ke taɓa fuskarki ki karanta jikinsa. Idan kin ga clobetasol ko betamethasone, wannan sitiroyid ne, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Yana cikin mayukan bilicin da yawa, yana cikin mayukan nan masu haɗin magani uku da ake miƙo wa kowa a kemis da zarar ya ce yana ƙaiƙayi, kuma sau da yawa shi ne sirrin man haɗi da ake sayarwa a robobi marasa suna. Sharrinsa shi ne yana farawa da daɗi. Makon farko fuska ta yi sumul ta yi haske, kowa na tambayarki me kike shafawa. Daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro a kumatu, rana ta riƙa ƙona ki, sai ƙananan ƙuraje su feso gaba ɗaya. Ki ƙara shafawa su lafa, ki daina su dawo ninki. Ni ma haka ya faru da ni. Wata mai sayar da kayan kwalliya ta ba ni haɗinta da kyakkyawar niyya, na yi wata biyar ina shafawa, kuma gyaran ɓarnar ya ɗauke ni lokacin da ya fi haka. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Gargaɗi: idan kin daina, ki sa ran fuska za ta yi ja, ta yi raɗaɗi, ƙuraje su ƙaru na wasu makonni. Wannan ba alamar kina buƙatar man ba ce, fata ce ke farfaɗowa. Amma wadda ta yi watanni tana shafe jiki duka da shi, ta je asibiti a tsara mata yadda za ta rage a hankali, saboda yana ratsa fata ya shiga jini. Haka mai shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dexamethasone a ciki: suna kawo ƙuraje, kuma yanke su rana ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da haɗari sosai. Likita ne zai sauke ki daga kansu.

Sauran abubuwan da za su bar fuskarki daga yau: lemon tsami, man goge baki, tafarnuwa, kanwa, toka, da dirzar fuska da soso ko sukari ko gishiri. Duk suna ƙona fata, kuma a fatarmu duk inda ya ƙone baƙin tabo yake bari. Man kwakwa yana toshe ƙofofin gashi. Basilin ki bar wa leɓe da ƙafa. Dilka da halawa kuma a ɗaga musu ƙafa a fuska muddin akwai ɗanyun ƙuraje, ko da kuwa biki ya matso. Na san amare ba sa son jin wannan, amma na ga fuskokin da aka dirje ana saura mako ɗaya ɗaurin aure, kuma hoda ba ta iya rufe abin da ya biyo baya ba.

3. Duba al'adarki da magungunan da kike sha

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar zuwan al'ada da ranar da ƙuraje suka taso. Idan al'adarki tana tsallake watanni, gashi mai kauri yana fito miki a haɓa ko ƙirji, ƙiba tana ƙaruwa ko haihuwa ta yi jinkiri, ki nemi likitan mata ya duba ko akwai matsalar ƙwan mace da ake kira PCOS. A irin wannan, shafe-shafe kaɗai ba ya isa.

Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da robar da ake sawa a dantse suna tayar wa wasu mata ƙuraje. Haka wasu magungunan farfaɗiya, da isoniazid na tarin fuka, da allurar bitamin B12 mai yawa.

Gargaɗi: kada ki daina ko ɗaya daga cikin waɗannan da kanki. Ki koma wurin wanda ya ba ki, ki faɗa masa abin da kika lura.

4. Wanke fuska

Sau biyu a rana, safe da dare, da sabulu mai laushi marar ƙamshi, da tafin hannu, da ruwa mai ɗumi kaɗan. Minti ɗaya ya wadatar. Ki tsane da tawul mai tsabta na fuska kaɗai, kada ki goga. Alwala ba ta cikin lissafi tunda ruwa ne zalla. Ƙuraje ba ƙazanta ba ce, saboda haka wanki sau biyar da sabulu ba ya korarsu, sai dai ya ƙara fusata fata.

Sabulun salo fa? Ƙarfinsa ya danganta da wanda ya haɗa shi. Ma'auni mai sauƙi: idan bayan wanki fuskarki ta ɗaure tamau kamar fatar ganga, ya yi miki ƙarfi, ki sauya.

Bayan wanki ki shafa man laushin fata marar maiƙo. A jikin robar ki nemi inda aka rubuta non-comedogenic, wato ba ya toshe ƙofofin gashi. Masu fuska mai maiƙo suna gudun wannan matakin, alhali magungunan da ke tafe suna busar da fata, kuma a hunturu in babu shi ba za ki iya jure su ba.

5. Sayayya

Abu biyar ne: sabulu mai laushi, man laushin fata, benzoyl peroxide mai ƙarfin 2.5 ko 5 cikin ɗari, adapalene mai ƙarfin 0.1 cikin ɗari, da man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama.

Ki tambaya da sunan maganin, ba da sunan kamfani ba, domin magani ɗaya ne wani kamfanin ke sayarwa da tsada wani da sauƙi. Idan kuɗi bai kai ba, fara da ukun farko, wata mai zuwa ki ƙara adapalene. Robar giram 30 ta adapalene tana kai wata biyu ko fiye in ana shafa daidai ƙa'ida.

Gargaɗi: ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ki sayi wanda ya wuni a rana a kan tebur, ke ma kada ki bar shi a mota ko kusa da murhu, saboda zafi yana lalata benzoyl peroxide. Kuma kada a ruɗe ki da mai ƙarfin 10 cikin ɗari. A fuska bai fi ƙaramin aiki ba, ya dai fi shi ƙona fata.

6. Shigar da magani ɗaya bayan ɗaya

Mako na 1, wanki da man laushi kawai, fata ta huta daga abin da aka yi mata a baya. A cikin makon ki gwada benzoyl peroxide a ɗan wuri ƙarami gefen muƙamuƙi, kwana uku a jere. In wurin ya kumbura ko ya yi borin jini, ba naki ba ne.

Mako na 2, ki fara shafa shi da safe, yau a shafa gobe a huta, siriri kamar ba a shafa ba. Aikinsa kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙofar gashi. Idan yana miki raɗaɗi, ki bar shi minti biyar ki wanke, daga baya ki riƙa ƙara lokacin.

Gargaɗi: yana cinye launin tufafi. Zai ɓata miki hijabi mai kala da tawul da rigar filo. Ki bari ya bushe kafin ki sa kaya, ki wanke hannu sosai, ki koma amfani da farin tawul.

Mako na 3 sai adapalene, da dare kawai. Shi ne ke buɗe ƙofofin da suka toshe ya hana sababbi fitowa. Bayan wanki ki jira fuska ta bushe sarai, ki matso kamar ƙwayar wake ɗaya, ki ɗiga a goshi da kumatu biyu da haɓa, ki baje a fuska duka. Ki kauce wa gefen ido da kusurwar hanci da leɓe. Sai man laushi a kai. Dare biyu a mako tukuna, bayan mako biyu ki koma dare ɗaya a shafa ɗaya a huta, in fata ta karɓa sai kullum.

Kuskuren da na fi gani guda biyu ne. Na farko, ɗiga shi a kan ƙurji kawai. Ƙurjin da kike gani yau ya yi makonni yana haɗuwa a ƙarƙashi, don haka maganin na wanda bai fito ba ne. Na biyu, lafta shi da yawa don a yi sauri. Abin da ke biyo baya shi ne saɓa da raɗaɗi, sai mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba ya jefar.

A makonnin farko fuska takan ɗan bushe ta yi saɓa, wasu ma ƙurajen kan ɗan ƙaru kafin su lafa. Wannan ba abin tsoro ba ne. In raɗaɗin ya yi yawa, ki huta kwana uku da man laushi kaɗai, ki dawo da ƙarancin kwanaki.

Gargaɗi mai girma: mai ciki, da mai neman ciki, ba ta shafa adapalene ko ɗan'uwansa tretinoin. Wanda aka fi ba masu ciki shi ne azelaic acid, kuma yana rage baƙin tabo. Ki yi maganar a wurin awo kafin ki fara komai. Mai shayarwa ma ta tambaya tukuna.

7. Cire hannu, kare fuska daga rana

Mu baƙaƙen fata, ƙurji yakan yi mako ɗaya ya tafi, tabonsa ya yi wata shida ko shekara. Yawancin masu turo mini hoto, in na duba da kyau, ƙurajen ba su fi biyar ba, sauran duk tabon matsa ne. Matsa tana tura mugunya ciki, ta faɗaɗa kumburi, wani lokaci ta bar rami da babu man da zai cike shi. Masu jikin da tabo ke yin tudu kuwa, musamman a muƙamuƙi da ƙirji, su ne ya fi kamata su ji tsoronta.

Idan babban ƙurji mai zafi ya taso, ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora minti biyar. In ya yi kai, tsumma mai ɗumi zai taimaka ya fashe da kansa. Akwai kuma 'yan filastocin ƙuraje da ake mannawa a kwana da su, waɗanda ko ba komai suna hana yatsa kaiwa wurin.

Rana tana ƙara wa tabo duhu, adapalene kuma yana sa fata saurin jin rana. Saboda haka man kariya daga rana shi ne na ƙarshe da za ki shafa kowace safiya, ki sabunta in za ki daɗe a waje ko bayan alwalar azahar. In babu halin saye, laima da bin inuwa suna rage ɓarna. Abin da ba zan taɓa ba ki shawara ba shi ne komawa man bilicin don goge tabo. Nan ne da'irar take sake farawa.

8. Ƙananan abubuwan da ke taɓa fuska

Man kitso yana gangarowa goshi, don haka ki tsaya da shi nesa da gaban kai, ki ɗaure gashi in za ki kwanta. Hijabi da niƙabi da ɗankwali suna shan zufa da hoda, a riƙa sauya su akai-akai, a fi son yadi mai shan iska. Rigar filo sau ɗaya ko biyu a mako. Soson hoda a wanke shi duk mako, kuma kada a yi aronsa. Kada ki kwana da kwalliya komai gajiyar biki.

Batun abinci, gyaɗa da ƙuli-ƙuli da man shanu muke ɗora wa laifi, amma abin da bincike ya fi nunawa shi ne kayan zaƙi da abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini, irin su lemon kwalba, alawa, burodi da kayan fulawa, sai madara a wurin wasu. Samari masu ɗaga ƙarfe su lura da garin furotin da suke damawa. Ki cire abu ɗaya na wata guda ki gani. Kada ki hana kanki abinci iri goma lokaci ɗaya, musamman in kina shayarwa. Rashin barci da damuwa ma suna tayar da su, kuma na san faɗar haka ya fi yin sa sauƙi ga mai jego.

9. Mako na 12: hoto da hukunci

Sauƙi yakan fara bayyana tsakanin mako na 6 da na 8. A mako na 12 ki koma bakin tagar nan ki sake hoto uku, ki jera da na farko. Ki ƙirga sababbin ƙuraje, ba tabo ba.

In sun ragu sosai, ci gaba. In babu canji, lokacin ganin likitan fata ya yi. Wasu ma bai kamata su jira mako 12 ba: mai manyan ƙuraje masu zurfi da zafi, wadda suka fara bar wa ramuka, wadda suka feso mata farat ɗaya tare da gashin haɓa da sauyin murya, da wadda abin ya hana ta shiga mutane ko ya sa ta kuka a ɗaki. Wannan na ƙarshen dalili ne cikakke, kada kowa ya ce miki ai ƙuraje ne kawai. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, suna ganin masu matsalar fata. Ki tambayi ranar da likitocin fata ke zama da ko ana buƙatar takardar turawa daga ƙaramin asibiti, don kada ki yi zuwan banza. Ki tafi da hotunanki, da littafin al'adarki, da duk robobin da kika taɓa shafawa, har wanda kike jin kunyar nunawa.

Abin da likita zai iya ba ki ya haɗa da doxycycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kimanin wata uku, tare da ci gaba da shafa benzoyl peroxide don kada ƙwayoyin cutar su saba da maganin. Ana shan doxycycline da ruwa cike da kofi, ba a kwanciya nan take, ba a haɗa shi lokaci ɗaya da madara ko maganin ƙarin jini, kuma mai ciki ba ta sha. Ga mata akwai spironolactone, mai rage tasirin sinadarin jiki da ke ƙara wa fata maiƙo, da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, wadda ba ta dace da mai hawan jini ko mai tarihin daskarewar jini ba. Ga ƙuraje masu tsanani akwai isotretinoin, wanda ake sha na watanni kuma yana aiki ƙwarai.

Gargaɗi: isotretinoin yana nakasa jariri a ciki. Ba a shan sa sai a hannun likita, da gwajin ciki, da tabbataccen tsarin hana ɗaukar ciki har wata ɗaya bayan an gama, kuma ba a ba da gudummawar jini a lokacin. Matar aure ta zauna da maigidanta su fahimci wannan tare kafin ta karɓi ƙwaya ko ɗaya. Kada ki saye shi a intanet, kada ki karɓi ragowar na ƙawa. Haka sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis a sha kwana biyar a ajiye, ko fasa kafso a shafa garin a fuska, ba ya magance komai.

10. Bayan fuska ta lafa

Kada ki ajiye komai rana ɗaya. Ƙurajen manya suna da naci, kuma da yawa sukan dawo bayan wata biyu ko uku da daina magani. Ki ci gaba da adapalene dare biyu ko uku a mako, benzoyl peroxide kuma ki ajiye shi don kwanakin da al'ada ta matso. Da shigar hunturu ki rage yawan daren shafawa ki ƙara man laushi, da shigar zafi ki koma mai marar nauyi. Duk sabon abin da za ki ƙara a fuska, ko hoda ce, ki shigo da shi shi kaɗai ki ba shi mako biyu kafin ki kawo wani. In kuma kin fara shirin sake ɗaukar ciki, ki ajiye adapalene tun kafin lokacin, ki nemi a sauya miki da azelaic acid.